Mai zanen fadar Rasha da hannayen da suka yi masa aiki

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, muna roƙon ka ba mu fili a shafin wasiƙu mu yi magana a kan wani mai zane da ya yi wa fadar sarakunan Rasha aiki shekara ɗari biyu da suka wuce, wato George Dawe. Duk wanda ya taɓa ganin hoton wani dogon zaure a Fadar Hunturu ta birnin St. Petersburg, fuskokin janar-janar jere sahu biyar a bango, kowanne cikin firam mai ruwan zinare, to aikin da ake jingina wa wannan mutum ya gani. Fuskoki 332 ne, kuma a bakin yawancin mutane shi kaɗai ya zana su. Ba haka abin yake ba. Aikin shago ne, hannu uku aƙalla suka yi shi, ɗaya daga cikinsu hannun bawa ne, kuma gaggawar da aka yi ta bar tabo a jikin mutum da jikin fenti. Wannan muke so masu karatu su sani dalla-dalla.

Dawe ba ɗan Rasha ba ne. An haife shi a Landan a 1781. Mahaifinsa, Philip Dawe, mai sassaƙa hoto ne a kan farantin jan ƙarfe domin a buga a takarda, kuma a hannunsa yaron ya fara koyon sana'a. Ya kamata a fahimci irin wannan aiki, don shi ya gyara masa ido. Ana ɗaukar farantin a bi shi da wani ƙarfe mai lanƙwasasshen baki da ƙananan haƙora, ana jijjiga shi gaba da baya, a tsaye, a kwance, a karkace, har fuskar farantin ta yi kaushi ko'ina. In aka shafa tawada aka buga a haka, baƙi ƙirin zai fito. Daga nan sai mai aikin ya riƙa kankare wuraren da yake so su yi haske yana goge su, domin inda ya yi santsi tawada ba ta kamawa. Ke nan daga duhu ake farawa a nemo haske. Wanda ya tashi da wannan ya san inda haske ke sauka a goshi da karan hanci, ya kuma san yadda duhu a bayan kai ke turo fuska waje. Nan ƙarfinsa yake, kuma son duhun nan ne ya jawo wa zanensa illa daga baya.

Ya koma zanen fenti, ya yi karatu a makarantar Kwalejin Zane ta Masarautar Ingila, aka karɓe shi ƙaramin mamba a 1809, cikakken mamba a 1814. Ya zana Gimbiya Charlotte ta Ingila da mijinta Yarima Leopold, abin da ya buɗe masa ƙofar manya. A kakar 1818 sarakunan Turai suka yi taro a Aachen ta ƙasar Jamus domin daidaita al'amura bayan faɗuwar Napoleon na Faransa. Dawe yana can yana zana hafsoshin da suka zo rakiya, ciki har da na Rasha. Aka lura yana da sauri, kuma in ya zana mutum ba sai an tambaya wane ne ba. Labari ya kai kunnen Sarki Alekzanda na Ɗaya, ya gayyace shi. A 1819 ya sauka St. Petersburg.

Abin da Sarki ke so babba ne. Napoleon ya shiga Rasha a watan Yuni na 1812, aka gwabza a Borodino a watan Satumba, ya shiga Mosko, ya fita da ragowar runduna a cikin sanyi, sojojin Rasha suka bi shi har Paris a 1814. Sarki ya ce a zana duk janar ɗin da ya yi yaƙin. Sharaɗin shi ne mutum ya shiga fagen daga a yaƙe-yaƙen 1812 zuwa 1814 yana da muƙamin janar, ko kuma an ba shi muƙamin jim kaɗan bayan haka saboda bajintar da ya nuna. Hedikwatar soja ke tsara sunaye, Sarki da kansa ke amincewa, kuma yakan soke wanda bai kwanta masa ba. Kuɗin kowane zane rubul 1,000 na takarda (rubul shi ne kuɗin Rasha). A riƙe wannan adadi, za mu dawo kansa.

Masu zanen Rasha ba su ji daɗin an ɗauko baƙo ba, kuma suna da hujja, don ƙasar ba ta rasa gwanaye ba. Sai dai a lokacin Dmitry Levitsky ya tsufa, idonsa ya tafi, Vladimir Borovikovsky ya manyanta, Orest Kiprensky yana Italiya, shi kuwa Vasily Tropinin, wanda ba a fi shi iya zanen fuska ba, har zuwa 1823 bawan gandu ne a hannun ubangidansa. Fada kuma tana son wanda zai iya fitar da aiki da yawa cikin lokaci.

Aka ba Dawe shago a gidan Shepelev, dab da fada. Ga yadda ake yin zane ɗaya irin wannan. Girmansa kusan santimita 70 a tsaye, 62 da rabi a faɗi, daga ƙirji zuwa sama. Ana miƙe ƙyallen linin a kan katako huɗu da aka haɗa, a kafe shi da ƙananan ƙusoshi, daga tsakiyar kowane gefe ake farawa a tafi kusurwa don kada ya tattare. Sai a shafa masa gam mai ruwa-ruwa wanda aka dafa daga fatar dabba. Amfanin gam ɗin shi ne ya raba zaren da mai, domin man fenti in ya ratsa zare yakan ci shi a hankali har ya riƙa karyewa. Bayan ya bushe sai a yi shimfiɗa da farin dalma da aka kwaɓa da man linsid, sau ɗaya ko biyu, a bar shi ya kama sosai. Shagon da ke da aiki da yawa dole ya tanadi irin waɗannan ƙyallaye da dama a jingine, masu girma ɗaya, tun kafin a san fuskar wa za ta hau.

Janar ya zo ya zauna. Haske daga taga ɗaya ake so, ta sama, ba a haɗa shi da wata, don inuwar hanci da ta haɓa su tsaya wuri guda. Mai zane zai fara fitar da siffar kai da alli ko da buroshi mai ɗan fenti ruwan ƙasa, ya auna tazarar idanu, tsawon hanci, inda kunne ya tsaya. In aka kuskure a nan, duk ado na baya ba zai gyara kamanni ba. Launin fata kuwa daga abubuwa kaɗan ake haɗa shi: farin dalma, jar ƙasa da rawayar ƙasa, ɗan ja mai kaifi na kunci da leɓe, da baƙin ƙashi kaɗan domin inuwa da wurin gemu. Inda haske ya sauka a kan sa fenti da kauri, inda inuwa take a bar shi siriri har shimfiɗar ƙasa ta ɗan leƙo.

Akwai doka ɗaya da duk mai fentin mai ya sani: shafin ƙasa ya zama mai ƙarancin mai, na sama ya fi shi mai, kuma kada a ɗora na sama sai na ƙasa ya kama. Dalilin shi ne fentin mai ba ya bushewa ta hanyar ƙafewa, iska yake sha ya daskare a hankali, kuma yana motsi yayin da yake daskarewa. Kowane launi da saurinsa. Ƙasa mai duhu takan kama cikin kwana ɗaya ko biyu, farin dalma cikin 'yan kwanaki, amma baƙin ƙashi da jan da ake samu daga saiwar tsiro sukan kai mako ko fiye. In aka ɗora mai saurin bushewa a kan wanda bai gama ba, na sama zai yi ɓawo, na ƙasa ya ci gaba da motsi ya yaga shi. Man sheƙi na ƙarshe kuma ba a shafa shi sai zane ya yi wata shida zuwa shekara. Duk wannan haƙuri yake so, shi kuwa shagon Dawe abin da ya fi ƙaranci a cikinsa ke nan.

Fuska ba ta kai rabin ƙyallen ba. Sauran duk kaki ne, kuma a nan aikin gajiya yake. Rigar janar kore ce mai duhu, wuyanta ja, tsaye, an yi masa ɗinkin zinare mai siffar ganye. A kafaɗa akwai tambari mai igiyoyin zinare masu kauri, kowace igiya da ɗigon haskenta. Sai lambobin girma, waɗanda ba a yi musu ganganci, don kowane soja da zai shiga zauren ya san su kamar sunansa. Lambar Saint George farar kuros ce a kan ƙyalle mai ratsin baƙi da ruwan lemo, tana da daraja huɗu, kuma inda aka rataya ta, a ƙirji ko a wuya ko a kafaɗa, shi ke nuna darajar. Ta Saint Vladimir ƙyallenta ja ne da baƙin gefe. Ta Saint Anna ja ne da siririn rawaya a baki. Ta Saint Andrew, wadda ta fi duka, babbar ɗamara ce shuɗiya mai haske da ke ratsa ƙirji. Ga kuma lambar azurfa ta tunawa da 1812 a kan shuɗin ƙyalle. Janar ba zai zauna yini guda ana zana maɓallansa ba. A al'adar manyan shaguna na Turai, maigida ya yi fuska, riga da lambobi da sararin baya a bar wa yara. Wannan ba laifi ba ne, haka aka saba tun kafin Dawe. Inda aka saɓa shi ne da yara suka koma yin zane sukutum, har fuska, amma suna da kuɗi na maigida kaɗai.

Wata matsalar ita ce ba kowa ke iya zuwa ba. Wasu suna bakin aiki a lardunan nesa, wasu sun yi ritaya a ƙauyukansu, wasu kuma sun riga mu gidan gaskiya. Pyotr Bagration ya rasu a 1812 daga raunin da ya samu a Borodino, Alexander Tuchkov a filin ya faɗi. Mikhail Kutuzov, babban kwamandan, ya rasu a 1813, Barclay de Tolly a 1818. Dawe bai taɓa zaunar da ko ɗaya daga cikinsu ba. Sai a rubuta wa iyali su aiko da abin da suke da shi, wani lokaci tsohon zane, wani lokaci ɗan ƙaramin hoto da bai kai tafin hannu ba, ko bugun takarda marar launi. Daga wannan za a faɗaɗa fuska, a ƙirƙiro launin fata da na ido, a ɗora ta a kan kafaɗun da aka saba zanawa. Nan kurakurai suka shigo. An sauya fasalin rigar janar a 1814, an sake a 1817, su kuwa masu shago abin da suke gani kullum suke zanawa, don haka akwai mamatan da aka sanya wa rigar da ba a fito da ita ba sai bayan mutuwarsu. Akwai waɗanda aka rage musu lamba, akwai waɗanda aka ƙara musu. Masana a yau da waɗannan lambobin suke gane shekarar da aka yi zane da kuma inda aka zame. Mutum 13 kuwa ba a sami komai nasu ba, har yau firam ɗinsu na nan an lulluɓe da koren ƙyalle, suna kawai a ƙasa. A ganinmu wannan ya fi mutunci a kan a ƙirƙiro musu fuska. Akwai kuma wanda aka zana aka ɓoye: Sergei Volkonsky ya shiga boren watan Disamba na 1825, Sarki Nikolas na Ɗaya ya tura shi Siberiya, zanensa bai hau bango ba sai 1903.

Yanzu a yi lissafi. Zane 332 cikin kusan shekara goma, wato kamar uku a wata. Gwani mai sauri zai iya wannan da ɗan taimako. Amma Dawe bai tsaya nan ba. Janar ɗin da aka zana yana son kwafi ya rataya a gidansa, 'yan'uwansa ma suna so. Matan fada suna so a zana su. Ofisoshin gwamnati a faɗin ƙasar kowanne yana buƙatar hoton Sarki a bango. Ga bugun takarda da ƙaninsa Henry Dawe da surukinsa Thomas Wright ke sassaƙawa ana sayarwa. Bai mayar da kowa ba. Abin ya zama irin na telan da ya karɓi ɗinkin unguwa duka ana jibi Sallah, ya tara yara a kan keke har asuba, sunansa ne a bakin masu kaya, idon yaran ne ke ja. Masana sun ƙiyasta cewa daga cikin 332 ɗin, kusan 150 ne suka fito daga hannunsa. Sauran aikin mutum biyu ne, Wilhelm Golike da Alexander Polyakov.

Polyakov shi ne dalilin wannan wasiƙa. Bawan gandu ne daga yankin Kostroma, mallakin Janar Pyotr Kornilov. A Rashar wancan zamani ana gadon mutum tare da gona, ana sayar da shi, ba ya aure ko tafiya sai da izini, kuma ba a soke wannan ba sai 1861. Yaron ya nuna baiwar zane, sai ubangidansa ya kai shi wurin Dawe a 1822, yana ɗan shekara ashirin ko kusa da haka, da sunan koyo da aiki. Albashinsa rubul 800 a shekara. Daga ciki Dawe na cire 450 kuɗin abinci. Rubul 200 murgu ne, na Janar Kornilov. Abin da ya rage masa 150 ne, na sutura da takalmi da duk wata buƙata, a garin da sanyi ke kashe mutum, kuma ranar da ya kwanta ciwo ana yanke masa. A gefe guda, zane ɗaya tak da ya gama, fada na biyan maigidansa 1,000. Wato abin da yake fitarwa cikin 'yan kwanaki ya fi albashinsa na shekara tun kafin a cire komai. An kuma yi da Dawe cewa zai bar shi ya riƙa zuwa darasin yamma a Kwalejin Zane ta St. Petersburg, bai cika ba. Ya ajiye shi a ɗaki yana ta kwafin hoton Sarki da na janar-janar, shekara shida, har ƙirjinsa ya lalace. Wani abin da ke ci mana rai shi ne Janar Kornilov ma yana cikin waɗanda ke jere a bangon zauren, sunansa a rubuce da ruwan zinare, bawansa kuwa da ya cika sahu-sahu na bangon ba a rubuta nasa ko'ina ba.

Illar irin wannan aiki ba a jiki kaɗai take ba. Mai koyon zane yana buƙatar ya zauna gaban mutum mai rai, ya ga yadda fata ke sauya launi a kan ƙashi, ya yi kuskure a gyara masa. Wanda aka sa ya maimaita fuska ɗaya sau ɗari, hannunsa zai yi sauri amma idonsa zai mutu, don ya daina kallo, haddacewa yake yi. Da Polyakov ya sami shiga Kwalejin daga baya, da wannan nauyin ya shiga.

A farkon 1828 Ƙungiyar Tallafa wa Masu Zane, wadda aka kafa a St. Petersburg a 1820, ta kai ƙara gaban Sarki Nikolas. Ta zargi Dawe da mayar da sana'a kasuwa, da sayar da aikin wasu da sunansa, da kuma zaluntar Polyakov, wanda shi ma ya rubuta koke da hannunsa. Gaskiya ne akwai kishi a cikin ƙarar, don masu zanen gida sun daɗe suna jin zafin kuɗin da baƙon ke kwasa, amma lissafin albashin nan ba kishi ya ƙirƙiro shi ba. A shekarar ce aka ba Dawe sarautar Babban Mai Zanen Fuska na Fada, a shekarar ce kuma aka umarce shi ya bar ƙasar, ya fita a watan Mayu. Fada ba ta iya yi ba tare da shi ba, don manyan zane-zanen tsaye ba su kammala ba. A farkon 1829 ya dawo ya gama Kutuzov a tsaye ƙarƙashin bishiya cikin ƙanƙara, da Barclay de Tolly da birnin Paris a bayansa, da Wellington na Ingila.

Sai maganar fenti. Masu zanen Ingila na wancan zamani sun kamu da son wani launi ruwan ƙasa mai zurfi da ake yi da kwalta, ita dai kwaltar da muka sani, a narka ta cikin mai. Ranar da aka shafa ta babu abin da ya kai ta kyau: inuwa takan yi ɗumi, ta yi zurfi, ana hango abin da ke ƙarƙashi, kuma shafi ɗaya ya wadatar inda da sai an yi uku ana jira tsakani. Ga mai gaggawa wannan riba ce. Matsalar ita ce kwalta ba ta taɓa bushewa har ciki. In ɗaki ya yi zafi ta yi laushi, in ya yi sanyi ta ƙanƙance. Fentin da ke kanta da man sheƙin da aka rufe ta da shi su sun daskare, ita tana motsi a ƙasa, sai ta ja su su tattare gungu-gungu, a bar tsagu masu faɗi a tsakani. Tana kuma ƙara baƙi da shekaru, ta haɗiye abin da aka zana a cikin inuwa, har koren riga da duhun baya su zama abu ɗaya. Gyaranta na da wuya ƙwarai, domin ruwan da mai gyara zai sa ya cire tsohon man sheƙi shi ne kuma ke narka kwaltar, in bai yi hankali ba ya goge zanen da kansa. Zane-zanen Joshua Reynolds, babban malamin masu zanen Ingila, da yawa sun lalace ta irin waɗannan gwaje-gwaje. Na zauren janar-janar ma ba su tsira ba: ba a daɗe da rataya su ba wasu suka fara duhu suna tsagewa, masu gyara na gidan tarihi na Hermitage, wanda zauren ke cikinsa a yau, suka gaji wahalar. Shawararmu ga matasan da ke fentin mai a yau ita ce, in ana son wannan launi a haɗa ƙonanniyar ƙasa mai duhu da ɗan shuɗi ko baƙi, a shafa siriri, a jira ya kama. Zai ɗauki kwana biyu, amma zai zauna.

Kada a ce mun tauye wa Dawe haƙƙi. Inda ya zauna da mutum ido da ido ya sa hannunsa, gwani ne na gaske. Ka yi tunanin mutum sama da ɗari uku, riga iri ɗaya, girman ƙyalle ɗaya, amma a ce kada bango ya zama kamar an buga hatimi. Ya warware wannan da juya kai: wani ya dubi dama, wani hagu, wani ya ɗaga haɓa, wani an yafa masa mayafi a kafaɗa ɗaya, wani iska na kaɗa gashinsa, bayan wani hayaƙi, bayan wani gajimare. Mafi shahara shi ne na Alexei Yermolov, wanda ya zana ta baya, ya juyo da gefen fuska, gira a haɗe, duwatsun Kaukasus a bayansa. Mutumin nan shi ya kafa sansanin Grozny a 1818, kuma al'ummomin Musulmi na yankin ba su manta ƙone-ƙonen ƙauyuka da ya yi musu ba. Dawe bai yi niyyar tona shi ba, girmama shi aka biya shi ya yi, amma taurin zuciyar na nan a fuskar ga mai ido. Wannan ita ce alamar mai zanen da ke kallo da gaske.

Carlo Rossi ne ya tsara zauren a 1826, da tagogi a rufi don haske ya sauko daga sama. Aka buɗe shi ranar 25 ga Disamba na shekarar bisa tsohuwar kalandar Rasha, ranar da ake bikin korar Faransawa, tsofaffin sojojin yaƙin suka yi maci ta cikinsa, alhali firam da yawa ba a cika su ba tukuna. A Disamban 1837 wuta ta tashi daga bututun hayaƙi da ke bayan wani bangon katako, ta ci fadar fiye da yini guda. Sojojin tsaron fada suka fitar da zane-zanen duka, ko ɗaya bai ƙone ba, Vasily Stasov ya sake gina zauren aka mayar da su. A 1941, da sojojin Jamus suka doso birnin, aka kwashe kayan Hermitage a jirgin ƙasa zuwa Sverdlovsk, aka dawo da su a 1945.

Dawe bai ci moriyar dukiyarsa ba. Ya bi tawagar Sarki zuwa Warsaw a 1829, ciwon ƙirji ya tsananta, ya koma Landan ya rasu ranar 15 ga Oktoba yana da shekara 48. An ƙiyasta ya tara kusan fam 100,000 a Rasha. Aka binne shi a babban cocin Saint Paul, manyan masu zane da jami'an ofishin jakadancin Rasha suka raka shi. Polyakov kuwa Ƙungiyar ta ɗauki nauyinsa, ta sa shi a Kwalejin, ta nemi a 'yanta shi. Janar Kornilov ya rasu a 1828, magada suka yi ta ja da maganar, takardar 'yanci ba ta fito ba sai 1833, shekarar da Kwalejin ta ba shi shaidar mai zane mai zaman kansa. Tarin fuka ya kashe shi a farkon 1835, cikin talauci, bai wuce shekara talatin da 'yan kai ba. Golike ya fi shi sa'a, don shi ɗa ne ba bawa ba, ya ci gaba da sana'a har 1848.

Ga mai son ya gani da idonsa, Hermitage ta sa hotunan zane-zanen a shafinta na intanet, ana iya faɗaɗa su. A fara duba rubutun da ke ƙasa, domin gidan tarihin da kansa yana bambanta wanda ya ce na George Dawe ne da wanda ya ce na shagonsa ne, kuma muna roƙon jaridarku ta riƙa bin wannan bambanci duk lokacin da za ta buga ɗaya daga cikinsu. Sannan a dubi goshi da karan hanci. A aikin Dawe fentin wurin na da kauri, sawun buroshi a bayyane, an aza shi sau ɗaya ba a koma an lallaɓa ba, kuma ana jin ƙashi a ƙarƙashin fata. A dubi igiyoyin kafaɗa: shi da ɗigo kaɗan na rawaya da fari yake nuna zinare, daga nesa sai ya yi ƙyalli. A aikin shago an bi kowace igiya ɗaya bayan ɗaya da ƙaramin buroshi, fata ta yi sumul ba tudu ba kwari, wuya ya sandare cikin kwala, idanu biyu na kallon wuri ɗaya amma ba sa ganin komai. Galibi waɗannan su ne na mamata da na waɗanda suka aiko da ƙaramin hoto daga nesa, inda aka miƙa wa Polyakov ko Golike abin da bai kai tafin hannu ba aka ce su fitar da janar daga ciki kafin mako ya ƙare.

Mun gode da filin da ka ba mu. Allah Ya ƙara wa jarida albarka.

Wassalam,
Wasu malaman koyar da zane